Nonon da Aka Hana Audu

Wudil, daren Juma'a, watan Rajab

Yau ma ɗana Audu bai sa komai a cikinsa ba. Turamensa suna tsagowa, dasashi ya kumbura, ga zawo. Na dama koko, ya tofar. Malam, maigidana, ya sayo kifi a bakin kogi, na gutsura masa tsoka, ya kau da kai. Nono kaɗai yake so, an kuwa hana ni ba shi.

Tun da Inna, uwar Malam, ta gane ina da ciki, ta ce, "Kin yi kwanika, nonon nan ya zama dafi. Yaye shi."

Na ce, "Inna, a bari haƙoran su fito."

Ta ce, "Yunwa za ta koya masa cin tuwo."

Ba ta koya masa ba. Wuyansa ya koma kamar tsinke.

Da la'asar ta shafa mini maɗaci don ya ji ɗaci ya haƙura. Yaron nan ya kama, yana yatsina fuska yana tsotsa, har sai da ta fizge shi.

Yanzu yana ɗakinta, ni kuwa zanina ya jiƙe sharkaf da nono. Jiya addu'ata ita ce ya yi shiru da kukan. Yau na kasa kunne, kukan nake nema.