Inna Ta Koma Uzbekanci

Kandahar, 4 ga Rajab

Yaya Baryalai,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sanyin Kabul.

Jikin Inna ne. Tun bayan faɗuwar nan Fashtanci ya bar bakinta, yaren Dari ma haka. Ta koma Uzbekancin garinsu Andkhoy, wanda Baba ya hana a gidan nan tun ba a haife mu ba. Yini take riƙe da hannuna tana maimaita magana guda. Na kawo shayi, na kawo rumman, na kawo bargo, duk ta ture. Fatiha kaɗai muke haɗuwa a kai.

Tsorona kada wasiyya ce, ko azumin da take son a rama mata, ta tafi ban sauke ba. Akwai Yulduz, matar mai sayar da darduma a bakin kasuwa, mutuniyar arewa ce kamar Inna, tana jin Uzbekanci. Ka ba ni izini in kira ta.

Ƙanwarka,
Torpekai

Kabul, 15 ga Rajab

Torpekai,

Wa alaikumus salam. Malama sarkin tsoro, ke ko atishawa aka yi sai kin nemo hukuncinta. Rikicin tsufa ne kawai. Shekara hamsin unguwa na ɗaukar Inna Bafashtuna, yanzu ki sa a ji a bakin matar mai darduma? Surukan 'yata ma ba su sani ba. Ki ba ta maganinta, ki bar zancen.

Baryalai

Kandahar, 28 ga Rajab

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na saɓa maka, kuma ba zan ɓoye ba. Na kira Yulduz.

Tana yin sallama da harshensu Inna ta tashi zaune. Suka yi ta hira har la'asar, har da dariya. Ashe Inna na da dariya haka, Yaya.

Da na rako Yulduz na ce, "Baiwar Allah, wasiyya ce?"

Ta ce, "Wace wasiyya? Tambaya take yi. Wai matar nan mai yi mata wanka tana da kirki, 'yar gidan wa ce? Wai tana jin nauyin wahalar da baƙuwa."

Na ce ta koya mini yadda ake cewa "ni 'yarki ce". Ta ce, "Ke da furfurarki?" Ta dai koya mini a tsaye a zaure.

Na gaji, amma ka yafe mini.

Torpekai

Kandahar, 2 ga Sha'aban

Yaya,

Salama. Shirunka ya iso.

Yau da safe na faɗa wa Inna "ni 'yarki ce" da harshensu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kama fuskata ta yi magana mai tsawo, tana hawaye. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Yulduz kuma ba za ta samu zuwa ba sai Alhamis.

Ka sa mu a addu'a Inna ta kai Alhamis.

Ƙanwarka,
Torpekai