Tafiyar Baba a Cikin Talla

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa zuwa gare ka da iyalinka, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa muku asiri a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Jaririya ta cika wata biyu, ta yi kumatu, duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce goshinka ta kwaso, ni kuwa addu'ata kada ta haɗa da taurin kanka. Ƙafar Umma ta yi sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin na san da na ji muryarka kuka zai hana ni kai ƙarshen maganar.

Ka tuna yadda kuka raina sana'ata a gidan nan. Kai ka ce mini mai katun, Kawu ya ce mai wasan yara, takardar shaidata kuma ta ce mai zanen motsi. Baba ne kaɗai, Allah ya jiƙansa, ya taɓa jan kujera ya zauna ya ga yadda ake yi. Na kunna masa fitilar da ke ƙarƙashin gilashin teburina, na ɗora takarda kan takarda, na nuna masa sai na yi zane goma sha biyu kafin mutum ya yi taku guda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe aikinmu ɗaya, shi yana sa agogo tafiya, ni ina sa takarda tafiya. Tun ranar ban ƙara damuwa da sunan da kowa zai kira ni da shi ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne, mu a aikinmu ba a zana tafiya da ka. Sai ka ɗauki bidiyon mutum na gaske yana tafiya, ka yi ta maimaita shi har ka gane inda nauyinsa yake faɗawa. Bayan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, na roƙe shi in ɗauke shi a bidiyo yana tahowa daga ɗakinsa zuwa falo, don ina son yin ɗan gajeren fim a kan tsohon mai gyaran agogo da ya ƙi yarda ya daina zuwa shago. Umma ta ce ba ta yarda ba, ba za a mayar mata da miji abin dariya ba. Baba ya lallashe ta, ni kuma na rantse mata babu wanda zai taɓa yin dariya da tafiyar nan. Autanmu ne ya riƙe wayar da aka ɗauki bidiyon ranar, Yaya. Da kunnensa ya ji rantsuwar. Wata huɗu na yi ina zana tafiyar: yadda yake jan ƙafar hagu, ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya buga sanda sau biyu kafin ya sake taku. Da ya rasu na kasa ci gaba, na bar zanen a kwamfutar ofishin da muka buɗe ni da Auta.

Da na tafi hutun haihuwa na bar masa ofis ba tare da wani ɗar ba, don dama shi ke sa kala da sauti, shi ke magana da masu kawo aiki. Makon jiya muna falo bayan la'asar, ni da Umma da maƙwabta biyu da suka zo ganin jaririya, sai ga tallar wani man shafawa na ciwon gwiwa a talabijin. Wani tsoho ne aka yi masa ƙaton hanci da wando mai zamewa, yana jan ƙafar hagu, yana buga sanda sau biyu. Taku shida ya yi, a na bakwai ya kife cikin kwata, aka sa sautin dariya. Maƙwabtan suka fashe da dariya su ma, ɗaya har tana cewa ai wannan hannuna ne, ta san aikina. Ban iya ɗago kai ba. Umma ta miƙe a hankali ta shige ɗaki.

Washegari na ɗauki jaririya na tafi ofis. Na tarar da Auta yana juyi a kujerata yana cin gyaɗa. Da farko ya ce bai san me nake nufi ba, sai da na buɗe masa zanen a gabansa. Sannan ya ce lokaci ne ya ƙure masa, masu tallar sun matsa, babu wanda zai zana masa sabuwar tafiya a kwana uku, ga kuma wata a ajiye tana shan ƙura. Ya ce ai ya canza fuska, wa zai gane? Na tambaye shi ko Umma a fuska ta san mutumin da ta yi shekara uku tana riƙe masa hannu zuwa banɗaki. Ya ce in daina ɗaukar abu da zafi, zane ne kawai. Yaya, ni na goya yaron nan, ni na koya masa riƙe fensir, ni na sa sunansa kusa da nawa a ƙofar ofis lokacin da kowa ke cewa ba zai yi abin kirki ba. Da baƙo ne ya yi mini haka da na haɗiye. Faɗuwar nan kuma babu ita a zanena, shi ya zauna ya ƙara ta da hannunsa. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Umma ta ɗauka ni ce, don kowa ya san ni ke zana motsi, ni kuma na yi rantsuwar. Kwana takwas ba ta kira sunana ba. Takan karɓi jikarta, ta amsa gaisuwata a taƙaice, shi ke nan. Na kasa gaya mata gaskiya, ka san Auta shi ne hasken idonta, ina tsoron hawan jininta. Shi kuwa kullum yana shigowa ya ci abinci a gefenta, yana kallon yadda take kawar da kai daga gare ni, bai ce uffan ba. Abin da nake roƙonka ke nan: kai ne babba yanzu, ka kira shi ka sa ya je gabanta ya faɗa da bakinsa, ya kuma sa a janye tallar. Ni dai na kwaso teburina na dawo da shi gida, sunana ma na sa an goge daga ƙofar.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Na lura kullum idan lokacin tallar ya yi Umma takan fito falo ita kaɗai, ta kashe sautin, ta matso da kujera. Tana ƙirga takun da leɓenta. Da ya yi na shida sai ta runtse ido, ba ta buɗewa sai an wuce wajen faɗuwar. Jiya ta kama ni ina leƙenta daga bakin ƙofa. Na zaci faɗa za ta yi. Ba ta ko dube ni ba, ta ce na manta abu ɗaya: idan Baba ya iso ƙofar falo yakan tsaya ya gyara hularsa kafin ya shigo, don kada ta gan shi a hargitse. Ta ce da na sa wannan, da aƙalla ya faɗi da mutuncinsa. Yaya, na zana gyaran hular nan, zane ashirin da huɗu ne, na fi kowane sashe ɓata lokaci a kansa. Auta ne ya yanke shi don ya samu wurin sa kwatar. Na buɗe baki in faɗa mata, na rufe, na ce ta yi haƙuri na manta.

Ka kira shi, don Allah, kafin in gaji da ɗaukar laifin da ba nawa ba.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, ka ce musu zanen kyanwar da na yi musu alkawari yana nan zuwa. Maigidana da Kawu da Gwaggo duk suna gaishe ka. Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
wadda Baba ke kira 'Yar Fensir