Kasuwar da ke Cikin Wayar Ashiru

Talata, 1 ga Oktoba, 2024
Malamarmu ta ajin manya ta ce a riƙa rubuta abin da ya dame mu, hannu zai saba. To ga shi. Ashiru ne, autana. Tun da ya gama karatu a jami'ar nan ta Kongo yake zaune a zaure da waya, wai yana cinikin kuɗin ƙasashe. Na leƙa: sanduna ne ja da kore, suna hawa suna sauka. Kasuwar da ba rumfa ba ƙura. Ni dai caca ta yi mini kama.

Juma'a, 4 ga Oktoba
Ya dawo daga masallaci, ya duba waya, bai taɓa abinci ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba
Yau ya fito da abin da ke ransa. Yana so ya sayar da babbar rigar marigayi babansa, aska takwas ɗin da Malam ya yi wata bakwai yana ɗinkawa da hannunsa. Wai zai ƙara jari. Na ce a'a. Ya ce, "Inna, rabona ne na gado." Gaskiyarsa kuma. Na roƙe shi wata ɗaya. Na mayar da ita can ƙasan adakata, makulli a bakin zane.

Laraba, 9 ga Oktoba
Nafi'un nan na Tudun Jukun ya zo, shi ke turo wa Ashiru lokacin saye da sayarwa. Gaisuwarsa ta yi yawa. Turarensa ma. In kasuwar na ci haka, me ya hana shi sayen babur? A ƙasa ya zo.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Yau ma tuwon ya huce a kwano.

Talata, 15 ga Oktoba
Ashiru yana ta dariya, har ya sayo mini balangu. Ban ci da daɗi ba. Lallashi ne ko riba, Allah masani.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Bai ci ba. Na koma baya ina karanta shafukan nan da yatsa, sai na lura. Juma'a uku a jere.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na kai masa littafin zaure. Kunya ta kama ni saboda rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma ya karanta. Ashe yakan buɗe ciniki, ya kashe waya, ya tafi masallaci. A daidai lokacin ne kuma Turawan can ke tashi da safiyarsu, kasuwa ta rikice.
Na ce, "Babu yadda za a ce mata ta tsaya?"
Ya ce akwai, ana sa mata iyaka, in asara ta kai nan ta rufe da kanta. Amma Nafi'u ya ce sa iyaka ƙarancin tawakkali ne.
Na ce, "Tawakkalin Nafi'u da kuɗin wa? Mai tebur na bakin Kwarbai ma sai ya rufe kayansa ya ɗora dutse kafin ya bi sahu. Shi bai san Allah ba ne?"
Ya ce, "Kai, Inna."

Alhamis, 24 ga Oktoba
Ya sayi littafi irin nawa. Yana rubuta dalilin kowane ciniki kafin ya shiga. Ya ce rabinsu in ya zo rubuta dalilin sai ya rasa, ya fasa. Ko don in saki rigar ne yake yi a gabana?

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Watan da na roƙa ya kusa cika. Kafin ya fita na ji bakina ya ce, "Ka rufe?" Ya ce tun hantsi. Ya bar mini wayar a kan tabarma.
Ban yi niyyar dubawa ba. Sau biyu ne kawai. Wata doguwar ja ta zubo, na ce Alhamdulillahi ba ma ciki.
"Ba ma ciki," wai. Har da ni ke nan.
Da ya dawo ya cinye tuwo, ya ce a shanya rigar Malam kada asu ya ci, zai sa ta ranar Sallah. Na ce sai na yi tunani. Makullin yana nan a zanena.