Inna, An Gyara Haƙorin Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar Gwangwan. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu dai lafiya lau muke a Karaye. Damina ta yi kyau, gyaɗa ta yi 'ya'ya, jikokinki kuma sun fara fin ƙarfina, musamman takwararki Ummi, mai bakin tsiya.

Albishir na zo miki da shi, Inna. An gyara haƙorin nan.

Kin san wanda nake nufi. Na sama, na gaban nan, wanda ya ɓantare ranar da na gatsa ƙuli-ƙulinki a tsakar gida, mata cike suna jiran man gyaɗa, ashe wata 'yar tsakuwa ta ɓuya a ciki. Dama duk garin an san ƙulinki da tauri, har Baba yana tsokanarki wai da shi ya kamata a yi mana katanga.

Jini ya cika mini baki, ina kuka ina kallonki. Ba ki taso ba. Ni ce 'yar fari, kunya ba ta bar ki ki rungume ni a gaban mutane ba, ko sunana ba kya faɗa. Kika ci gaba da juya tunkuza, kika ce wa ƙanwarki Laure, "A ba yarinyar nan ruwan gishiri." Na daɗe ina jin zafin wannan magana, ba zan ɓoye miki ba.

Daga ranar ba ki sake bari na gatsa ƙuli ba. Kullum sai in tarar da nawa a dake lukui, cikin 'yar ƙwarya a bayan randa, ba ki taɓa cewa ke kika ajiye ba. Amma in na yi dariya sai ki kau da kai. Ni kuwa na ɗauka munin bakin ne ba kya son gani, sai na koyi rufe shi da gefen mayafi. A haka na yi makaranta, a haka na yi aure, a haka nake tsayawa gaban 'yan aji, har suka laƙaba mini Malama Rufe-baki. Suna tsammanin ban sani ba.

Magana ɗaya kika taɓa yi a kansa, ita ma kina kallon murhu: "In Allah Ya kai mutum Makka, ai sai a rufe da na azurfa." Makka ba ta kira ni ba tukuna, ke kuma Allah Ya riga Ya kira ki.

Baban su Ummi ne ya matsa mini in je Kano wurin likitar haƙori. Na yi ta jan ƙafa. Farko na ce kada in taɓa halittar Allah, malamin unguwarmu ya ce gyaran abin da ya karye ba laifi ba ne. Gaskiyar kuwa ita ce, gani nake giɓin nan kaɗai ne abin da ya rage a jikina daga hannunki.

Da kin ga aikin da kin yi dariya. Likitar wata 'yar siririya ce, ko allura ba ta yi mini ba. Ta gwada launi har ta sami wanda ya dace da sauran haƙoran, ta ɗebo wani farin abu mai danƙo ta liƙa, tana shafa shi tana daidaitawa kamar yadda kike liƙe bakin tukunya da ƙulli. Ta haska masa wata shuɗiyar fitila ya daskare, ta goge, shi ke nan. Ta ce ba na har abada ba ne, wata rana zai nemi gyara, kuma in rage goro kada ya rine.

Ranar Asabar na je Gwangwan gaida Inna Laure. Ta tsufa, amma bakin yana nan. Ta ba ni wani labari na tuntsire da dariya, na manta da mayafi gaba ɗaya. Sai na ga ta zuba mini ido, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Dariyar Yaya ce sak." A nan ta gaya mini abin da ban sani ba: wai ba bakina kike ƙin kallo ba, tsakuwar nan kike gani duk lokacin da na buɗe shi, kuma har kika bar duniya ba ki yafe wa kanki ba.

Haba Innata! Tsakuwa ɗaya?

Ki huta, don Allah. Haƙori ya cika, ina dariyata a aji baki buɗe, in na duba madubi ke nake gani. Likitar ta hana ni gatsa ƙuli, ta ce sai dai dakakke. Ban gaya mata ba, amma kin riga ta.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya haɗa mu a inda babu sauran kunya tsakanin uwa da 'ya. Amin.

'Yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Rabi'atu