Foldar da Babu Mai Ita

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, kunya ce kawai take neman kashe ni.

Kin san aikin da nake cika miki kunne da shi: duk waya ko agogo ko wata na'urar da ke kusa, kwamfuta ta nuna ta kamar folda. In an buɗe, a ga sunanta da wata lamba da ke hawa in an matso kusa da ita. Da dattijon ofishinmu muka tsara shi, wanda muke kira Kawu. Shi ya tsaya min har aka ɗauke ni aiki.

Ranar gwaji a gaban manaja, foldoci suka fito reras a allo, kowa ya gane tasa. Saura ɗaya, babu suna, babu mai ita. Maimakon in wuce, rawar kai ta ɗebe ni. Na ɗauki kwamfutar ina zagaya tebur kamar mai neman kazar da ta ɓata, lamba na hawa, ana dariya har da tafi. Ban ɗaga kai ba, Yaya, sai da lamba ta cika, na gan ni tsaye a kan Kawu.

Ya sa yatsa ƙarƙashin hularsa, ya zaro ɗan abin ƙara ji daga kunnensa, ya ajiye a tebur. Ashe ya daɗe yana ɓoye shi, don ana sallamar tsofaffi, manaja kuwa dalili kawai yake nema. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na gyara tsarin, yanzu ba ya nuna na'urar kowa sai da yardarsa. To amma gyaran me? Tun ranar Kawu ya daina zuwa da abin. Jiya manaja ya yi ta kiransa bai waiwaya ba, kowa na kallo.

Yau na durƙusa gefen kujerarsa na roƙi gafara. Ya ci gaba da aikinsa. Ban sani ba, Yaya, ƙin amsa min ya yi, ko bai ji ni ba.

Ki gaida Inna, ki sa Kawu a addu'a kafin ni.

Ƙanwarki,
Auta