Ƙurajen da Ba Sa Ciwo

Litinin, 2 ga Maris, 1998
Ƙurajen gefen hancina sun ƙaru, sun hau ƙarƙashin ido. Kamar ƙwayar gero, kalar fata. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Shekara ta uku ke nan.

Laraba, 11 ga Maris
Hedimasta ya kira ni ofis. "Malama Zaituna, iyayen yara suna magana. Wai ko kuturta ce." Bai dube ni ba yana faɗa. Ya ce in huta a gida har likita ya gani. Na ajiye masa alli na fito.

Alhamis, 19 ga Maris
Wanzami ya ce zai tsaga ya matse. Maigidana, Baban Karima, ya ce a'a, asibiti.

Talata, 24 ga Maris
Daga Aujara zuwa Dutse a bayan a-kori-kura. Likita ya shafa min auduga a kumatu, ya ce in rufe ido in faɗi inda nake ji. Ina ji ko'ina. Ya ce to ba kuturta ba ce, amma shi ma bai taɓa ganin irinsu ba. Ya yi min allurar kashe zafi, ya yanki ɗaya ya jefa a kwalba, za a kai Kano. Na ji ya ce da nas "ko daji", a hankali. Ban tambaya ba.

Laraba, 8 ga Afrilu
Sallah. Ban je gidan kowa ba. Maƙwabta sun aiko da nama, yaran suka miƙa daga bakin zaure.

Talata, 5 ga Mayu
Sakamako ya zo. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗauka. Tsiro ne daga tushen gashin fata, suna da wani dogon suna da ban riƙe ba. Ba za su tafi ba, ƙila ma su ƙaru. Likita har murna yake, ya kira abokan aikinsa biyu su gani. Ya tambaya ko wani a danginmu yana da su, wai gado ake yi.
Na ce kakata, Iya ta Miga. Ɗakinta daban, kwanonta daban har ta rasu. Ya ce, "Allah sarki, da lafiyarta ƙalau."


Litinin, 11 ga Mayu
Na koma aji. Hedimasta ya karanta bayanin likita a gaban malamai. Wasu sun ce barka.

Lahadi, 7 ga Yuni
Ina yi wa Karima kitso, na tsinci kaina ina duba gefen hancinta. Ta lura.
"Umma, ni ma za su fito min?"
Na ce wataƙila.
Ta ce, "To ai ba sa ciwo ko?"
Na ce ba sa yi, ta tsayar da kanta in gama.
Gobe mai hoto zai zo ɗaukar 'yan aji shida da malamansu. Na goge shuɗiyar atamfata. Dama tana buƙatar guga.