Ɗakin Funfuna

Litinin, 6 ga Maris, 1944

Na fara aiki a ɗakin funfuna na wata ma'aikatar magani a nan Melbon. Kwalabe ne kwance a kan kantoci har rufi, kowacce da romo a ciki. Mukan shuka funfuna a kan romon, ta yi kore kamar ta tsohon burodi, ta riƙa zufa ruwan ɗorawa. Wannan zufar ce penisilin. Mu tsiyaye, masana su tace, a aika wa sojojinmu da ke yaƙi a Niu Gini.

Duk rayuwata kankare funfuna nake yi, yau ni ce mai renonta.

Alhamis, 16 ga Maris

Noreen Duggan, wadda muke kanta ɗaya da ita, ba ta rufe baki. Ta ce wani likita a Landan ne ya bar faranti a buɗe ya tafi hutu, ya dawo ya tarar funfuna ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita. "Kin ji, Enid? Namiji ya ƙi wanke kwano, an ce masa gwani. Ni da na yi, uwar mijina sai da ta gaya wa duk unguwa."

Na yi dariya. Muryata ta zo mini baƙuwa.

Asabar, 1 ga Afrilu

A taram, motar hayar nan mai bin dogo a cikin gari, mutane na matsawa daga kusa da ni. Misis Hocking, mai gidan da nake haya, ta ce in riƙa rataye kwat ɗina a waje, wai warin rumbu nake. Na ci abinci a ɗaki.

Talata, 18 ga Afrilu

Wani likita ya zo ya yi mana bayani. Ya ce ko guba ta shiga jinin mutum daga rauni, allurar nan tana dawo da shi. Kowa ya tafa.

Ni na fita bayan gini na tsaya. Clarrie. Wayar shinge ce kawai ta yanke shi a hannu, a gonarmu. Ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba da aiki. Kafin mako ya zagayo hannun ya kumbura har kafaɗa, ya daina gane ni. Shekara uku ke nan. Ashe maganin yana nan tafe, mijina ne ya yi sauri.

Laraba, 3 ga Mayu

Kantarmu ta lalace gaba ɗaya. Ƙwayar cuta ta shiga kwalaben ta cinye maganin. Muka zubar, muka dafa kwalabe, muka sake shuka.

Juma'a, 19 ga Mayu

Noreen ta zo ido jajur. An harbi mijinta Mick a cinya a fagen yaƙi, raunin ya ruɓe, ana maganar yanke ƙafar. Ta riƙe hannuna: "Za su ba shi namu, ko? Ki ce za su ba shi." Na ce za su ba shi.

Ta yi aiki yau kamar mai addu'a, kowace kwalba sai ta shafa ta.

Lahadi, 11 ga Yuni

Sanyi. Ruwa tun safe. Ban yi magana da kowa ba sai kyanwar Misis Hocking.

An yi wa Mick allurar, zazzaɓi ya sauka, ƙafa ta tsira. Jiya Noreen ta rungume ni tana tsalle. Na ce na taya ta murna, kuma na taya ta. Amma akwai wani abu ƙarƙashin murnar, mai ɗaci, da ba zan faɗa wa kowa ba. Me ya sa nata?

Alhamis, 29 ga Yuni

An dawo da Mick Melbon. Noreen ta ce in zo gidansu shan shayi ran Lahadi. Na ce ina da wanki. Ta ce, "Wankin me, ke da riga biyu? In ba ki zo ba, zan turo shi da sandarsa ya ɗauko ki."

Ba zan je ba.

Lahadi, 9 ga Yuli

Na je. Don ta daina damuna ne kawai.

Mick siriri ne, fatarsa rawaya saboda maganin zazzaɓin sauro. Ya ce allurar ta fi harsashin zafi, ba dare ba rana ana tsira masa, har ya roƙi a yanke ƙafar a bar shi ya yi barci. Sai ya dubi hannuwana ya ce, "Misis Trewin, ashe ke ce kika huda mini ɗuwawu haka."

Noreen ta zuba duk rabonsu na man shanu na mako guda a kek ɗin da ta yi mana. Na ci yanka biyu.

Ya tambaye ni mijina wane irin mutum ne. Ba yadda ya mutu ba, wane irin mutum. Na ba su labarin ranar da rago ya tunkuɗa Clarrie cikin kwatamin wankan tumaki, ya fito ya cire hularsa yana gaida ragon. Mick ya yi dariya har ya riƙe cinya. Ban san na iya ba da labarin ba.

Sun ce in dawo mako mai zuwa. Na ɗauki kwat ɗina na fita. Na dai tambayi direba ko taram ɗin nan yana bi ta wajensu kowace Lahadi.